Yadda Ake Adana Adireshoshin Shafukan Intanet a Tsara Su Don Turawa ta Imel

Duk wanda aikinsa ya ƙunshi tura wa mutane bayani, malami ne ko sakataren ƙungiya ko mai shagon cika fom, ya san takaicin a tambaye shi adireshin wani shafi da ya tabbata ya gani, amma ya rasa inda ya jefa shi. Wani likau, wato adireshin shafi da ake dannawa, yana can ƙasan hirar WhatsApp da saƙonni suka binne, wani yana cikin tulin shafukan da aka bari a buɗe a burauzar waya, wani kuma hotonsa kawai aka ɗauka, hoto kuwa ba a danna shi ya buɗe. Kafin a lalubo, mai nema ya gaji ya haƙura, wani lokacin ma har an rufe karɓar takardun da yake son cikewa.

Gyaran yana farawa ne tun wurin ajiya. Idan a lokacin da ka ga shafi ka tsabtace adireshinsa, ka ba shi suna, ka rubuta jimla guda a kan amfaninsa, to ka riga ka rubuta rabin imel ɗin da za ka tura wata rana. Duk matakan da ke biye a kan wannan aka gina su.

Ka zaɓa musu gida ɗaya

Raba adireshoshinka kashi biyu. Akwai waɗanda kai da kanka kake buɗewa kullum, kamar banki da jarida da shafin makaranta. Waɗannan burauza ta ishe su. Akwai kuma waɗanda kake tarawa domin wasu, su ne za ka riƙa turawa. Waɗannan suna buƙatar wurin da za a rubuta bayani a gefensu, kuma a nawa ganin babu abin da ya kai jadawalin Google Sheets sauƙi, ko Excel ga wanda hannunsa ya saba da shi.

Akwai manhajojin da aka yi musamman saboda wannan aiki, irin su Raindrop.io, kuma suna aiki da kyau. Sai dai ka sani cewa irin waɗannan sukan rufe su bar mutane. Google ya rufe Google Bookmarks a ƙarshen Satumba 2021. Mozilla ta rufe Pocket ranar 8 ga Yuli 2025, bayan mutane sun shekara da shekaru suna tara abin karatu a ciki. Saboda haka kafin ka zuba kayanka a kowace manhaja, duba ko tana ba ka damar fitar da su a fayil guda ka tafi da abinka. In ba ta ba da wannan dama ba, wuce ta.

Tsabtace adireshi kafin ka ajiye

Nan ne mutane da yawa suke tsallakewa, kuma nan ne aka fi samun matsala daga baya.

Da farko ka tabbata kana kan ainihin shafin. Kada ka kwafo daga jerin sakamakon binciken Google, kada kuma ka kwafo daga cikin Facebook kafin shafin ya buɗe. Buɗe shi a burauza tukuna, sannan ka ɗauki abin da ke saman allo. A kwamfuta, Ctrl+L zai zaɓo maka adireshin gaba ɗaya, Ctrl+C ya kwafe shi. A waya, ka taɓa wurin adireshin a Chrome, za ka ga alamar kwafa ta fito.

Yanzu dubi abin da ka kwafo. Sau da yawa za ka ga ya yi jela mai tsawo, misali:

…/labarai/noman-rani?utm_source=whatsapp&utm_medium=social&fbclid=IwAR2xQ

Ainihin adireshin ya ƙare ne a "noman-rani". Abin da ya biyo bayan alamar tambaya na bin sawu ne, wato yana gaya wa masu shafin ta ina mai karatu ya ɓullo. Duk abin da ya fara da utm_, ko fbclid na Facebook, ko gclid na tallan Google, ko si= da YouTube ke maƙalawa idan ka danna rabawa, kana iya goge shi shafin ya buɗe lafiya. Adireshi ya gajarce, ya yi kyan gani a imel, kuma mai karɓa ba zai ji tsoron dannawa ba.

Amma ba kowace alamar tambaya ake yankewa ba. A adireshin YouTube mai ɗauke da watch?v=, haruffan da ke bayan v= su ne lambar bidiyon, in ka goge su babu abin da zai buɗe. Haka shafuka da yawa na makarantu da hukumomi suke sa lambar takarda bayan alamar tambaya, kamar ?id=. Don haka duk lokacin da ka datse, gwada. Buɗe sabuwar tagar sirri, wadda Chrome ke kira Incognito (Ctrl+Shift+N a kwamfuta), ka liƙa adireshin. In shafin ya fito daidai, ka gama.

Wannan gwajin yana da wani amfani da ya fi na farko. Tagar sirri ba ta san ka ba, tana ganin shafin ne yadda baƙo zai gan shi. Idan adireshin da ka kwafo daga cikin asusunka ne bayan ka shiga da kalmar sirri, a nan za ka ga an tare ka a ƙofa, ka san ke nan wanda za ka tura wa ma tare shi za a yi. Irin wannan sai ka ajiye adireshin shafin farko, ka rubuta a bayani inda za a danna bayan an shiga. Akwai kuma adireshin da bai kamata ya fita daga hannunka ba sam: wanda aka turo maka don canza kalmar sirri, ko don tabbatar da asusu, ko don biyan kuɗi. Waɗannan mabuɗi ne a kansu.

Ƙananan dabaru biyu da ke sauƙaƙa wa mai karɓa. Idan bidiyo ne mai tsawo kuma abin da kake so a ji yana tsakiya, YouTube a kwamfuta yana ba ka damar zaɓar inda za a fara idan ka danna rabawa, zai ƙara t= da adadin daƙiƙoƙi a ƙarshen adireshin. Idan kuma dogon rubutu ne, a Chrome ka zaɓi jimlar da kake nufi, ka danna maɓallin dama na linzami, ka zaɓi "Copy link to highlight". Wanda ya buɗe zai sauka kai tsaye a kan jimlar.

Ajiya a burauza

A kwamfuta Ctrl+D ne, ko ka danna tauraron da ke gefen adireshi. A Chrome na Android, ɗigo uku na sama sannan tauraro. Akwati zai fito da suna a ciki, kuma kusan kullum sunan ba shi da amfani, don shafuka da yawa "Home" ko "Welcome" kawai suke kiran kansu. Goge shi nan take ka sa naka. Likau marar suna kamar kwalbar magani ce da takardar jikinta ta ɓare: kana ganinta a ɗaki, amma ba ka san na mene ne ba. Sunan da ya dace shi ne wanda ya faɗi abin da shafin yake yi, da na wa ne, da shekara in ta shafe shi, kamar "JAMB, duba sakamako" ko "Farashin taki, rahoton 2024".

Ctrl+Shift+O yana buɗe wurin tsara ajiyayyun shafuka, a nan za ka ƙirƙiri foldoji. Ka yi su bisa ga abin da za a yi da shafin ko waɗanda za a tura wa, ba bisa ga inda ka samo shi ba. Folda mai suna "Facebook" ba za ta taimake ka ba ranar da ɗalibi ya tambaye ka guraben tallafin karatu, amma mai suna "Tallafin karatu" za ta yi. Shida ko bakwai sun isa, kuma kada ka yi folda cikin folda cikin folda. Ka ware guda ɗaya ka kira ta "Sabo", duk abin da ka kama cikin sauri ya fara sauka a can.

Idan ka shiga Chrome da asusunka na Google a waya da kwamfuta, ka kunna daidaitawa, abin da ka ajiye a nan zai bayyana a can. Amma a kwamfutar shagon intanet ko ta ofis da kowa ke taɓawa, kada ka kunna wannan, kuma ka fita daga asusunka kafin ka tashi.

Jadawalin da za ka riƙa turawa daga ciki

Buɗe sabon Google Sheets, ka rubuta kanun nan a layin farko: suna, adireshi, bayani, rukuni, ranar ajiya, ranar rufewa. Na ƙarshen na abubuwan da ke da wa'adi ne, kamar neman aiki ko gurbin karatu. Ctrl tare da alamar ";" yana sa maka kwanan watan ranar ba sai ka rubuta ba.

Gurbin bayani shi ne zuciyar abin. Rubuta shi kamar da wanda za ka tura wa kake magana, ba da kanka ba. Maimakon "mai kyau, a duba", rubuta irin wannan: "Fom ɗin neman tallafin digiri na biyu. Ana buƙatar hoton fasfo da takardar shaidar digiri a PDF. Ya fi buɗewa da kyau a kwamfuta." Jimla biyu ko uku, an gama. Ranar da za ka tura, waɗannan kalmomin za ka ɗauka yadda suke.

A gurbin rukuni ka tsaya a kan kalmomi ƙalilan kuma ka riƙa rubuta su iri ɗaya. In yau ka rubuta "karatu", gobe "ilimi", jibi "makaranta", tacewa ba za ta yi maka aiki ba. Idan sun daidaita, sai ka shiga Data ka zaɓi "Create a filter", ka danna kan rukuni, ka zaɓi guda, sauran duk su ɓuya. Ctrl+F kuma na neman kalma ɗaya cikin sauri. A waya, ka sa fayil ɗin ya zama ana iya buɗe shi ba tare da data ba, akwai zaɓin "Available offline" a manhajar, saboda ranar da sabis ya ɗauke.

Kama likau cikin sauri a waya

Gaskiyar magana, ba wanda zai tsaya cika jadawali yana cikin mota ko tsakiyar kasuwa. Kana buƙatar wurin jefawa na wucin gadi. WhatsApp yana ba ka damar tura wa kanka saƙo, Telegram ma yana da "Saved Messages". Duk suna yi. Amma tunda imel ne makomar abin, Gmail yana da wata hanya da na fi so. Duk abin da ka ƙara bayan alamar + a sunan adireshinka, saƙon akwatinka zai dawo. Wato in adireshinka sunanka@gmail.com ne, to sunanka+likau@gmail.com ma naka ne, ba sai ka yi rajistar komai ba.

Sau ɗaya za ka saita shi a kwamfuta. Shiga saitin Gmail, je "Filters and Blocked Addresses", ka ƙirƙiri sabon mataci, ka sa wannan adireshi mai + a gurbin "To", ka zaɓi a liƙa masa lakabin "Likau" kuma ya tsallake babban akwatin saƙo. Daga nan, duk shafin da ka gani a waya, danna rabawa, zaɓi Gmail, tura wa wannan adireshin, ka rubuta kalma uku ko huɗu a wurin taken saƙo. Suna can suna taruwa a ƙarƙashin lakabi ɗaya.

Sai ka ware lokaci sau ɗaya a mako, minti goma sun isa, ka kwashe abin da ya taru a nan da foldar "Sabo" ka kai jadawali. Za ka tarar da yawa daga cikinsu ba su cancanci ajiya ba. Goge su ba tare da jin komai ba.

Rubuta imel ɗin

Tace jadawali, ka zaɓi waɗanda suka dace da mai karɓa. Kada ka juye masa ashirin don kawai kana da su. Uku zuwa biyar da aka zaɓa da kula ana buɗe su, ashirin kuwa ana cewa sai an samu lokaci. Sa mafi muhimmanci a sama, mai wa'adi kuma ka faɗi ranarsa. Taken saƙo ya faɗi abin da ke ciki. Ga yadda sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗalibai zai iya tura wa membobi:

Take: Guraben tallafin karatu guda biyu, ɗaya na rufewa ƙarshen wata

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Da fatan kuna lafiya, ya iyali?

Ga guraben da aka yi magana a kansu a taron da ya wuce.

Na farko: tallafin digiri na biyu. Ana buƙatar hoton fasfo da takardar shaidar digiri a PDF. Ana rufewa ƙarshen wannan wata, don Allah a hanzarta.
(adireshin a nan, shi kaɗai a layinsa)

Na biyu: horon koyon sana'a na wata uku, ba a biyan kuɗin fom.
(adireshin a nan)

Na buɗe duka biyun yau da safe, suna aiki. Wanda ya samu matsala ya sanar da ni. Allah ya ba da sa'a.

Lura da yadda kowane adireshi ya tsaya shi kaɗai a layinsa, babu aya ko waƙafi manne a ƙarshensa, don wani lokaci manhajar imel takan haɗa alamar da adireshin ya ƙi buɗewa.

A kwamfuta kana iya ɓoye adireshi a cikin rubutu: zaɓi kalmomin, danna Ctrl+K, liƙa adireshin. Wannan yana aiki a Gmail da Outlook da Google Docs. Ya fi kyan gani, kuma ya dace da dogon adireshi. Sai dai kada ka rubuta "danna nan" kawai, sa sunan abin. Idan kuwa shafin na hukuma ne, ko na biyan kuɗi, ko inda za a shigar da bayanan sirri irin su NIN da BVN, bar adireshin a fili kowa ya gani da idonsa. Shafukan gwamnatin Nijeriya da gov.ng suke ƙarewa, kamar jamb.gov.ng, jami'o'i kuma galibi edu.ng. 'Yan damfara suna yin shafuka masu kama da na gaske su canza harafi ɗaya ko biyu, kuma mutanen da suka amince da kai za su danna ne saboda daga gare ka saƙon ya fito. Wannan amana ce, ka duba kafin ka tura.

Saboda wannan dalili nake ƙin gajerun adireshoshi irin na bit.ly a cikin imel. Suna ɓoye inda za a je, kuma rayuwarsu tana hannun kamfanin da ya gajarta su. Google ya daina bayar da sababbin goo.gl tun 2019, a Agusta 2025 kuma ya kashe waɗanda aka daɗe ba a danna ba. Gajartawa tana da amfani a fosta ko sanarwar rediyo, inda mutum zai kwafa da hannu. A imel dannawa ake yi, tsawo ba ya hana komai.

Idan likau ɗin na fayil ne a Google Drive, duba izini. In yana kan "Restricted", wanda ba ka sa sunansa ba zai tarar da ƙofa a rufe, ka wayi gari da saƙonnin neman izini. Mayar da shi "Anyone with the link" in ba sirri ba ne, ka bar matsayin a "Viewer" don kada wani ya goge maka aiki. Wannan hanyar ce ma mafita ga babban fayil, tunda Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce 25 MB a maƙale. Haka kuma idan jerin ya yi yawa kuma yana canzawa, tura likau ɗin jadawalin kansa sau ɗaya, duk gyaran da ka yi daga baya za su gani.

Idan mutanen suna da yawa

Sa adireshinsu a Bcc, gurbin da ke ɓoye adireshin masu karɓa, naka kuma a To. Ta haka ba ka raba wa kowa adireshin kowa ba, kuma amsar mutum ɗaya ba za ta cika wa sauran akwati ba. In mutanen nan ne kake tura wa kullum, shiga Google Contacts ka haɗa su a ƙarƙashin lakabi ɗaya, kamar "Aji uku" ko "Kwamiti". A kwamfuta, rubuta sunan lakabin a Bcc ya isa, duk za su shigo. Asusun Gmail na kyauta yana da iyakar mutum 500 a rana, in ka wuce za a dakatar da kai daga turawa na wani lokaci.

Saƙon da kake maimaitawa, kamar jerin shafukan da kowane sabon ɗalibi ke buƙata, mayar da shi samfuri. A saitin Gmail na kwamfuta, ƙarƙashin "Advanced", kunna "Templates". Rubuta saƙon sau ɗaya, danna ɗigo uku na ƙasan akwatin rubutu, ka adana shi. Gobe in an tambaya, ka kira shi, ka gyara gaisuwa ta dace da mai karɓa, ka tura. A saitin Gmail ɗin kuma, ƙarƙashin "General", ka ƙara lokacin janye saƙo zuwa daƙiƙa 30, shi ne mafi tsawo da ake bayarwa, zai cece ka ranar da ka tura kafin ka liƙa adireshin.

Shafuka suna mutuwa

Wani bincike da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2024 ya gano cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da ke akwai a 2013 ba a samun su bayan shekara goma. Don haka duk likau da ya daɗe a jadawali, buɗe shi kafin ka tura. Abin da kake tsoron ɓacewarsa, kamar sanarwar hukuma ko sharuɗɗan neman aiki, ajiye kwafinsa: Ctrl+P, ka zaɓi adanawa a PDF, ka sa a Drive. Ko ka je web.archive.org, wato Wayback Machine na Internet Archive, ka liƙa adireshin a gurbin "Save Page Now". Zai ba ka sabon adireshi mai nuna shafin yadda yake a ranar. Ƙara wa jadawalinka gurbi guda don wannan. Idan kuma shafi ya riga ya mutu, gwada neman tsohon adireshin a can, sau da yawa wani ya riga ya adana shi.

Jadawalin da ajiyar burauza su ma suna son kwafi. Duk bayan wata biyu ko uku, shiga File a Google Sheets ka sauke shi a matsayin Excel ko CSV. A Chrome na kwamfuta, Ctrl+Shift+O, ɗigo uku na sama, "Export bookmarks", zai ba ka fayil ɗin HTML da Firefox ko Edge za su iya karɓa, kuma in ka buɗe shi za ka ga duk adireshoshin a jere ana iya danna su. Sa kwanan wata a sunan fayilolin biyu, ka ajiye ɗaya a filashi, ka tura wa kanka ɗaya ta wannan adireshin mai +.